Na sama ya sakar wa na ƙasa: shekaruna tsakanin kotu da majalisa

Ni ɗan masunci ne. Yau furfura ta cika min gemu, wasu na kirana Barista wasu na cewa Honarabul, amma idan na shiga kasuwar kifi hancina ne yake fara gaya min wanda aka banda da haƙuri da wanda aka yi wa gaggawa. An haife ni a 1969 a wani ƙauye cikin fadamar nan da ta shimfiɗu tsakanin Hadejia da Nguru, inda kogin Hadejia da na Jama'are suke rarrabuwa hannu-hannu kafin su tattaru su zama kogin Yobe, su nufi Tafkin Chadi. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, domin mutanen da za su shigo labarin nan wasunsu sun riga mu gidan gaskiya, wasu kuma har gobe sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci.

Da muna yara ruwa ne yake tsara mana shekara. Damina na sauka a shuka gero a tudu, shinkafa a fadama. Wajen watan Agusta sai ruwan kogi ya iso, ya malale ko'ina, ba wanda yake kiransa ambaliya, "ruwa ya zo" kawai ake cewa, kuma da murna ake faɗa. Shinkafa ta riƙa tashi tare da shi. Tarwaɗa da karfasa da kurungu su bi shi cikin ciyawa su zuba ƙwai. Idan ya fara ja da baya a bi laimar da ya bari a dasa wake, Fulani su gangaro da shanu su ci burugu, mata su yanko kaba su zauna saƙar tabarma. Da sanyi kuma ga agwagin ruwa da wasu tsuntsaye da ba ma ganinsu sai lokacin, waɗanda sai da na girma na ji cewa daga Turai suke tasowa. Can da bazara hannuwan kogi su bushe ƙayau, mu yi ta buga ƙwallo a cikin yashi. Wannan bushewar ta bazara ba wanda ya ɗauke ta a bakin komai a lokacin. Sai da muka rasa ta.

Akwai wata giyayya a bakin gonar mahaifina. Kowace shekara idan ruwa ya kai iyakar cikarsa, Baba yakan tura jirginsa gindinta ya zaro wuƙa ya yi tsaga a jikinta daidai inda ruwan ya tsaya. Bai yi boko ba, wannan itaciyar ce littafinsa. Ina ɗan shekara tara ko goma ya ɗora ni a wuya ya kama yatsana ya bi tsagogin da shi ɗaya bayan ɗaya. Na sama-sama sun tsufa, ɓawo ya rufe su. Ya ce, "Waɗannan kafin a haife ka ne. Ka ga waɗannan na ƙasa? Naka ne." Na tambaye shi ina ruwan ya tafi. Ya ce an ce an ɗaure shi a can ƙasar Kano.

Gaskiya ya faɗa. A 1974 aka gama madatsar Tiga a kan kogin Kano, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma ruwan da ke zuwa mana mafi yawansa daga can sama yake fitowa. Sannan fari ya zo ya ƙara. A 1983 da 1984 ruwa ko gindin giyayyar bai taɓa ba. Baba ya naɗe komarsa ya bi 'yan uwansa masunta Baga, bakin tafki, Inna ta sayar da tasoshinta na aure ɗaya-ɗaya muka ci. Ina sakandare lokacin, kuma sau biyu ina haɗa kayana zan bar makaranta in bi shi, kawuna ƙanin Inna yana mayar da ni. Allah ya jiƙansa, da kuɗin tabarmar da yake kaiwa kasuwar Nguru na yi karatu har na shiga Jami'ar Bayero, sashen shari'a.

Ina jami'a aka gama madatsar Challawa a 1992. Daga nan ne ciwon ya sake kama. Da farko kukanmu ƙarancin ruwa ne, sai ga shi ya koma wani abu mai wuyar bayani ga wanda bai gani ba: wuri ɗaya ruwa ya yi yawa ya ƙi tafiya, wuri ɗaya kuma ƙishirwa.

Yadda abin yake shi ne, madatsa tana riƙe ruwan damina, sannan ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara saboda noman rani da ruwan shan birni. Wannan ƙarfin da ruwa yake zuwa da shi a Agusta ya wanke hanyarsa ya ragu, sai yashi da laka suka riƙa kwanciya. Hannuwan kogin da a da suke bushewa da bazara suka daina bushewa. Ita kuwa kacala, ciyawar nan doguwa mai kai kamar zangarniyar gero, abin da take so ke nan, ruwa marar zurfi wanda ba ya gudu kuma ba ya ƙafewa. A da ranin ne yake kashe ta. Da ta samu wuri sai ta yi ta haihuwa ta ƙarƙashin ƙasa, ta cushe hanya, ruwa ya rasa inda zai bi ya fasa gefe. Mafi yawansa ya karkata hannun Marma ya nufi Nguru, ya zauna a kan gonakin mutane shekara da shekaru, hannun Burum Gana da tsohuwar hanyar kogin suka koma samun ragowa, mutanen ƙasa wajen Gashuwa suna jira. Cikin kacalar nan jan-baki yake kwana, da asuba ya tashi kamar hadari ya sauka a kan shinkafa da gero. Sauro ya samu gida. Yara suka riƙa fitsarin jini saboda tsargiya. Masunci ya wayi gari ba inda zai jefa birgi.

Duk wannan yana faruwa ina Legas a makarantar lauyoyi ina haddace yadda ake rubuta takardar cinikin fili. Na dawo na buɗe ɗan ofis, ɗaki ɗaya da benci, ina shari'ar gado da bashi da rikicin gona.

Wata rana da sassafe aka zo aka buga min ƙofa. Mutanen ƙauyenmu ne. Sun yi datsi da buhunan ƙasa a bakin wani hannun kogi don su juya ruwa gonakinsu, mutanen ƙauyen da ke ƙasa da mu suka zo da dare za su fasa, aka yi arangama, aka sari wani a kafaɗa, 'yan sanda suka kwashe mutum bakwai daga namu. Na tsaya musu a kotun majistare. Shaidun masu ƙara sun yi ta saɓa wa juna a kan wanda ya riƙe adda, dare ne kuma ba wata, na bi wannan ɓarakar har aka sallami mutanena duka. A harabar kotu aka ɗaga ni sama ana kabbara.

Zan shiga mota ke nan wani tsoho daga ƙauyen ƙasa ya tare ni. Rigarsa ta koɗe, yana riƙe da takalmansa a hannu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, ka fitar da su, madalla, aikinka ka yi. To ruwan fa, wa zai fitar mana da shi? Shekara uku ke nan rijiyarmu sai mun ƙara igiya."

Ban ba shi amsa ba don ba ni da ita. Na kwana ina juyi. Na ci shari'a, datsin yana nan, kuma abin da ya sa mutum ya ɗauki adda a kan maƙwabcinsa ko ambatonsa ba a yi ba a gaban alƙali.

Daga ranar na koma ɗalibi. Na riƙa zuwa Nguru wurin ma'aikatan shirin kula da fadamar, wanda aka kafa tun 1987, suna auna ruwa suna ƙirga tsuntsaye. A wurinsu na fara ganin taswirar da aka ɗauka daga jirgin sama, shekara bayan shekara, shuɗin yana tsukewa. Tsagogin giyayyar Baba ne aka zana a takarda. A wurinsu kuma na ga lissafin da masana tattalin arziki suka yi a farkon shekarun 1990, wanda ya nuna cewa idan aka haɗa kifi da shinkafa da itace da sauran abin da fadama take bayarwa, ruwan da aka bari ya malala ya fi kawo amfani a kan irinsa da aka tare a manyan gonakin ban-ruwa na sama. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da hannun Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, shi ne na farko a Najeriya. Na yi farin ciki, na ɗauka yanzu kam za a ji mu.

Na tattara takarduna da niyyar shigar da ƙara. A nan na san bambancin abin da doka ta faɗa da abin da take bari ka nema. Sashe na 20 na tsarin mulkin 1999 ya ce wajibi ne hukuma ta kare muhalli ta inganta shi, ta tsare ruwa da iska da ƙasa da daji da namun dawa. Magana mai daɗi. Sai dai yana cikin babi na biyu, kuma sashe na 6(6)(c) ya hana kotu tambayar ko an cika abin da ke wannan babin. Dokar tantance illar manyan ayyuka ga muhalli ta fito a 1992, bayan abin kunyar nan na Koko a 1988 da aka jibge gubar Italiya a filin wani bawan Allah, to amma Tiga ta riga ta da shekara goma sha takwas. Dokar ruwa ta 1993 kuma ta damƙa wa gwamnatin tarayya duk ruwan da ya ratsa jiha fiye da ɗaya. Ga kuma tambayar da alƙalai suke fara yi a lokacin: kai wane ne, wace asara ka yi da ta fi ta sauran jama'a? Da wannan tambayar aka kori ƙararraki masu yawa tun a bakin ƙofa. Da Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta yanke hukunci a 2005 a ƙarar Jonah Gbemre, ta ce ƙona iskar gas a garinsu tauye haƙƙin rayuwa ne, sai da na karanta hukuncin sau uku. Kotun Ƙoli ba ta sassauta wannan tambaya ta "kai wane ne" a sha'anin muhalli ba sai a 2018, lokacin ni na riga na bi wata hanyar.

Kuma ko da an ba ni dama, wa zan kai ƙara? Wannan ya daɗe yana damuna, kuma ina so mai karatu ya fahimce ni. Ban taɓa ganin Tiga a matsayin abokiyar gaba ba. Miliyoyin mutane a Kano ruwan madatsun nan suke sha. Na je Kura da Kadawa na ga tumatir da shinkafa da alkama, na ga iyalai da suke ci suke aurar da 'ya'yansu daga wannan ruwan. Manomin Kura bai zalunce ni ba. Abin da muke nema a tsara sakin ruwan, a ba shi ƙarfi da damina ya wanke hanyarsa, a ɗauke shi na wani lokaci da rani kacala ta ji jiki.

Wanda ya ba ni kalmar da nake nema ba lauya ba ne. Limamin ƙauyenmu ne, malamin da ya koya min alif da ba. Na je gaishe shi na zauna a buzunsa ina ta zuba masa sashe kaza da sashe kaza. Ya bari na gama, ya ce, "Barista, kai da ka yi karatun shari'a ba ka wuce ta kan hukuncin Mahzur da Muzainib ba?" Ya jawo Muwaɗɗa ya buɗe min. Wasu magudanan ruwa ne a Madina, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hukunta cewa mai gonar sama ya riƙe ruwa har ya kai idon sawu, sannan ya sakar wa na ƙasa da shi. Malam ya rufe littafin ya ce, "An ba na sama haƙƙinsa, an kuma yi masa iyaka. Kuma ka sani, kowa na sama ne a kan wani."

Na fita daga zauren nan jikina a sanyaye, domin na gane da wa yake. Mu da muke kuka da Kano, mu ne Kanon wancan tsohon mai takalmi a hannu.

Siyasa ba ta cikin lissafina. Dattawan yankinmu ne suka zo har ofis sau uku, suka ce tun da na ce kotu ba ta da ƙofa, in je inda ake sassaƙa ƙofar. Na shawarci Inna. Ta ce, "In za ka je ka dawo min da mutuncinka yadda ka tafi da shi, je ka." Na tsaya, Allah ya ba ni, na shiga majalisar dokokin jiharmu, aka sa ni a kwamitin muhalli, kwamitin da ba a rububinsa.

Makonnin farko na yi su ne ina koyon iyakata. Ruwan da ya ratsa jihohi yana cikin jerin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka. Madatsun suna hannun hukumar raya kogunan Hadejia da Jama'are, ita kuma ta tarayya ce. Ɗan majalisar jiha ba shi da ikon cewa a buɗe ƙofar Tiga ko da taƙi ɗaya. Akwai dai inda aka fara haɗa kai, domin a 2006 jihohi shida da suke cin wannan ruwan, Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato, sun zauna a Damaturu sun amince da tsari ɗaya, suka kafa asusun haɗin gwiwa. Duk taron da ya shafi wannan tsarin in dai na ji labarinsa ina zuwa, ko an gayyace ni ko ba a gayyace ni ba. Amma abin da ke hannuna na kaina uku ne: ƙudurin doka a kan abin da ke cikin jiha, kasafin kuɗi, da bin sawun abin da aka kashe.

Na zauna wata huɗu na rubuta ƙuduri. Na sa cewa ba wanda zai toshe hannun kogi gaba ɗaya, da buhu ne ko da dumba, wato shingen kama kifi, sai ya bar ƙofa ga na ƙasa. Na sa a kafa kwamiti a kowane hannun kogi, a ciki a samu sarkin ruwa da ardo da wakilin manoma da na mata masu sana'ar kifi, kuma ƙauyen sama da na ƙasa su zauna tare. Na sa a ware kuɗin yashe hanyoyin ruwa duk shekara, a tsare burtali da mashaya. Ya wuce karatu na farko. A karatu na biyu na yi magana kusan minti arba'in. Da na zauna wani abokin aikina, mutumin kirki daga yankin tudu, ya matso ya ce min a hankali, "Barista, wallahi na ji ka, amma mutanena asibiti suke nema, kai kuma kana maganar ciyawa." Ban ga laifinsa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da na yi, na ɗauki hayar mota na roƙi 'yan kwamitin su ba ni yini ɗaya.

Mun shiga jirgi wajen ƙarfe goma na safe. Mai tuƙi yana tura gora, kacala ta rufe mu hagu da dama, ta fi tsayin mutum biyu, ba iska ba sarari. Muka yi kusan awa ɗaya a haka. Sai mai jirgin ya tsaya ya nuna wani kututturen dabino da ya leƙo daga ruwa, ya ce, "Ranku ya daɗe, nan gonar mahaifina ce. Buhu arba'in muke ɗauka." Daga nan muka fita muka hau mota, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba, muka iske ƙauyen da mata suke haƙa rami a tsakiyar busasshen kogi suna kwarfar ruwa da ƙoƙo. Abokin nan nawa bai ce komai ba har muka koma. A zaman jin ra'ayin jama'a shi ya fara tashi ya goyi baya.

Duk da haka ƙudurin bai zama doka ba. Ya kwanta bayan rahoton kwamiti, yau a ce sai an ji ta bakin wata ma'aikata, gobe a ce ana hutu, har wa'adin majalisar ya ƙare ya mutu da shi. Akwai masu cin moriyar dumba da suke da dogon hannu, na sani, amma ba su kaɗai ba ne. Ni ma na yi kuskure. Na ɗauka idan hujja ta fito fili ta isa, ban zauna da mutum ɗaya-ɗaya a gidansa ba kamar yadda ya kamata. Wannan har yau yana ci min rai.

A kasafin kuɗi na fi samun sa'a. Shekara biyu a jere na samu aka sa layin yashe hanyoyin ruwa. A nan na koyi cewa sa kuɗi a takarda daban, sakinsa daban. Na yi sintiri a ofisoshi har masinjoji suka san ƙarar takalmina. Da aka saki wani kaso aka ba wani ɗan kwangila, sai ya kawo katafila ana gab da saukar damina, ta yi kwana tara ta nutse a laka, aka rubuta cewa an gama. Na ɗauki igiyar awo da mutum biyu muka bi aikin da ƙafa, na kawo rahoto gaban majalisa da hotuna. An mayar da shi ya ƙarasa wani sashe. Ban samu abokai da wannan ba.

Abin da ya fi yin aiki gayya ce. Masunta sun san sirrin kacala: in ka yanke ta a sama banza ne, sai ka shiga ka yanke ta ƙarƙashin ruwa, ruwan ya rufe kututturen ta rasa numfashi ta ruɓe. Da kuɗin da ya zo hannuna na aikin mazaɓa na sayi lauje da adda da igiya da takalman roba, na ɗauki nauyin abinci. Ƙauyuka shida suka fito. Mutum ya shiga ruwa har ƙirji tun hantsi, matsattsaku na manne masa a cinya, ganyen na yanka hannu kamar reza, makaɗa na bakin gaɓa suna zuga. Na shiga tare da su kwana uku kafin zazzaɓi ya kwantar da ni. Cikin sati biyar muka buɗe hanyar da jirgi biyu za su gifta juna.

Sai muka iso bakin datsin ƙauyenmu.

Yana nan inda na bar shi tun shari'ar nan, an ma ƙara masa ƙarfi, ga dumba an gicciya a bayansa da gurar kifi jere. Mai kula da shi ɗan baffana ne, wanda muka tashi ɗaki ɗaya. Duk wahalar da ƙauyuka shida suka sha, idan wannan datsin bai buɗe ba ruwan a gonakinmu zai tsaya.

Bulama ya tara mutane a ƙofar gidansa bayan la'asar. Baffana, ƙanin mahaifina, shi ya fara magana, Baba kuwa lokacin ya rasu. Ya ce, "Mu muka haife ka, mu muka zaɓe ka. Da aka kama yaran nan kai ka fitar da su a kan wannan datsin. Yau kuma kai za ka zo ka ce a fasa?"

Na durƙusa na ce, "Baffa, ban zo da ɗan sanda ba, ban zo da takarda ba, dokar da na rubuta ma ba ta wuce ba. Kuma ban ce a fasa duka ba. Ku sha har idon sawu, haƙƙinku ne. Abin da ya haura nan ba namu ba ne. Shekara nawa muna cewa Kano ta riƙe mana ruwa? Da wane baki zan koma in faɗa, alhali ga abin da muke yi wa waɗanda ke bayanmu?"

Aka yi shiru. Liman yana gefe yana jan carbi, ya tsufa ƙwarai lokacin, bai ce uffan ba sai da bulama ya juya ya ce, "Allah gafarta Malam, me ka gani?" Ya ce, "Abin da yaron nan ya faɗa ba nasa ba ne." Iyakar maganarsa ke nan.

Sai da aka yi zama uku. A ƙarshe aka yarda a buɗe ƙofa mai faɗin jirgi ɗaya a tsakiyar datsin, a riƙa rufewa kwana uku a buɗe kwana huɗu idan ruwa ya yi ƙasa, sarkin ruwanmu da na ƙauyen ƙasa su riƙe lissafin tare. Ɗan baffana da hannunsa ya cire buhun farko, bai dube ni ba. Shekara biyu bai taka gidana ba.

Ruwan ya yi kwana goma sha ɗaya kafin ya isa ƙauyen ƙasa, don busasshiyar ƙasa sai ta sha ta ƙoshi take barin ya wuce. Yara ne suka riƙa binsa suna komawa da labari, yau ya kai wurin tsamiya, yau ya wuce makabarta. Ranar da ya shiga na je. Na tambayi tsohon nan mai takalmi a hannu, aka ce ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Aka nuna min ɗansa, yana tsaye cikin ruwa iya ƙauri da ɗan ƙaramin yaro a kafaɗa. Na gaishe shi na yi masa ta'aziyya, na gaya masa abin da mahaifinsa ya taɓa tambayata a harabar kotu. Ya ce, "Ya ba mu labari, Honarabul. Ya ce yaron yana da kunya, don bai iya kallon idonsa ba." Na koma mota na rufe ƙofa na yi kuka.

Zaɓen fid da gwani na gaba ban kai labari ba. Dalilan suna da yawa, ba zan ɗora wa datsi kaɗai ba, amma akwatin ƙauyenmu yana cikin waɗanda suka juya min baya, kuma na san abin da ya sa. Ya yi min zafi, ba zan ɓoye ba. Da na je gaya wa Inna tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba ta ce, "Ka ci kuɗin wani?" Na ce a'a. Ta ce, "To wanke hannu ka ci abinci."

Na koma ofishina. Yanzu rabin aikina sulhu ne tsakanin manoma da makiyaya da masunta, sauran kuma ina taya matasan lauyoyi da 'yan majalisa masu tasowa rubuta ƙuduri idan sun nema. Wancan ƙudurin nawa na ba mutum biyu kwafinsa, na ce su gyara su sa sunansu. Kacala ba ta ƙare ba, inda aka yanke bana in aka yi sakaci shekara biyu sai ta dawo. Ambaliyar 2022 ta shafe gonakinmu da na ƙauyen ƙasa baki ɗaya, ta rusa gidaje, muka kwashe iyalai zuwa makarantar firamare da ke kan tudu, mutanen ƙauyukan biyu aji ɗaya tukunya ɗaya.

Bayan ruwan ya ja na je duba gonar Baba. Ɗan baffana ne ya tuƙa ni, mun daɗe da shiryawa. Giyayyar tana nan, ta tsufa, gefe ɗaya ya bushe. Laka ta bar zobe a jikinta sama da duk tsagogin da Baba ya yi, har da na kafin a haife ni. Ya miƙo min wuƙarsa, na miƙe tsaye a cikin jirgin yana riƙe da ƙafata, na yi tsagar. A hanyar dawowa muka biya ta datsin, ruwa ya tafi da rabinsa. Ya ce ran Asabar za su gyara, ya riga ya aika wa sarkin ruwan ƙauyen ƙasa ya zo a auna faɗin ƙofar da shi.